Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum. Bayan sallar Juma'a gardama ta kaure tsakanin kawuna da wani dattijo a ƙofar masallaci. Kawu ya ce tun da aka tura sojojin Sudan yaƙin Yaman a 2015 ba mu ga ribar shiga sabgar wasu ba, gara ƙasa ta ja ƙofarta ta rufe, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Dattijon ya ce kawu ya karkatar da maganar. Wa ke da gaskiya?

Malam na Kasala: Wa alaikumus salam. Ba a ce ka juya wa mai gemun baya ba, gargaɗi ne cewa wutar tana tafe. Amurka ta kafa dokar 'yan ba-ruwanmu a 1935, amma a 1941 Jafan ta kai mata hari har Hawai.

Hajiya ta Maiurno: Allah gafarta Malam, bari in ba ku labarin kakata. Wata shekara da rani gobara ta tashi a gidan maƙwabcinsu, kakanmu ya ɗauki tulu ya ruga can, ita kuwa ta juye ruwan randa kaf a kan jinkar ɗakinta. Ɗakin ya tsira, amma iska ta kai tartsatsi kan rumbun dawa da ba ta tuna da shi ba, suka ci tuwon maƙwabta har kaka. Har ta rasu tana cewa ita ta ceci gidan, shi kuma yana cewa da ba don tulun da ya kai ba, babu mai ba su ko mudu ɗaya.

Baban Yara: Hajiya, ai wasu shugabanninmu gemu kawai suke jiƙawa, rumbun talakawa kuwa ko oho, kuma da hayaƙi ya tashi sai a ji su a Dubai.

Malam na Kasala: Mu da kogin Blue Nile da muke sha yake gangarowa daga Habasha, inda suka fara gina babban dam tun 2011, wace ƙofa za mu rufe? Kuma da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Chadi da Masar mutanenmu suka nufa.

Ɗan Gadarif: Na karanta wa kawu duka. Ya ce a tambayi Hajiya ko maƙwabcin ya taɓa dawo da tulun.