Neman kalma: furotin ko sinadarin gina jiki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara sanarwar neman ɗaliban digiri na uku da za su yi bincike a kan furotin, kuma an ba ni shawarar in rubuta "kimiyyar sinadarin gina jiki". Ita kuwa kalmar fellowship, na sa mata "tallafin karatu". Shin sun dace?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam. "Sinadarin gina jiki" kalma ce ta asibiti, inda ake gaya wa uwa ta ba yaronta wake da ƙwai da kifi, kuma a can ta yi daidai. Amma a ɗakin bincike ba za ta ɗauke mu ba, domin yawancin abin da ɗaliban nan za su sa a gaba ba gina jiki yake yi ba. Insulin furotin ne, aikinsa daidaita sukari a jini, kuma gano jerin tubalansa 51, wato ƙananan sinadaran da suka haɗu suka gina shi, ne ya sa masanin kimiyya Frederick Sanger ya sami kyautar Nobel a 1958. Jan sinadarin da ke ɗaukar iska a jini shi ma furotin ne, kuma sauyin tubali ɗaya tak a jikinsa ne ke haifar da cutar sikila. Waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wanda aka amince da shi a 2019, yana ɗauke da furotin mai kashe tsutsar da ke huda kwanson wake. Ta yaya za mu kira abin da ke kashe tsutsa mai gina jiki? Ni dai a ganina a bar "furotin" yadda baki ya riga ya saba da ita.

Wata malama: Na goyi bayan Malam. Game da kalmar fellowship kuwa, "tallafin karatu" na sa mai karatu ya zaci kuɗin makaranta ne kawai za a biya masa, alhali wanda aka ɗauka bincike zai yi a ƙarƙashin wani farfesa, ana ba shi alawus duk wata. "Gurbin bincike mai alawus" ya fi bayyana abin.

Mai tambaya: Na gode, Malam da Malama. Zan rubuta "guraben bincike masu alawus a kimiyyar furotin", sai dai har yanzu ina jiran wanda zai ba mu kalmar biotechnology, domin "fasahar sarrafa halittu" da nake gani a jaridu tana tsorata wasu masu karatu.