Ƙugi a amfilifaya haɗin hannu: ta ina yake shigowa?

Mai tambaya, Kano
Assalamu alaikum masu sana'a. Amfilifaya ce da aka haɗa da hannu: IC ɗin ƙara sauti TDA7294 guda biyu, taransifoma 24-0-24 mai amp 5, birij (mai juya AC zuwa DC) 35A, kapasito 10,000µF/50V biyu. Akwai fanel ɗin bes da tirebul mai IC 4558, yana shan wuta daga regileta (masu daidaita wuta) 7812 da 7912 a kan ƙaramin naɗi 12-0-12, boliyum kuma yana kafin fanel ɗin. Sauti tas, amma da an kunna sai ƙugi "huuum" a sifika biyun, ko da an murɗe boliyum ƙasa gaba ɗaya. Da magariba ƙugin kan ƙaru. Na ƙara kapasito har 20,000µF kowane ɓangare, ko gezau. Wanda ya taɓa cin karo da irinsa ya taimaka.

Mai gyaran rediyo, Zariya
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata da sayen kaya tukuna. Cire sifika, sa mita a DC, auna bakin fita. Ya kamata ka ga ƙasa da 50mV. In ka ga volt 2, ko 30, wannan ba ƙugi ba ne, galibi IC ne ya mutu, kuma zai iya ƙone maka kwayil ɗin sifika. Mai irin wannan ciwon, da ido za ka ga takardar sifikar ta turo waje ta ƙame.

In DC lafiya, zare wayar da ta taso daga fanel ɗin bes, ka haɗe mashigar kowane TDA da giraun ɗinsa (layin 0V) da guntuwar waya, a kan allon kansa. In ya yi tsit, daga gaba ƙugin yake zuwa: fanel, boliyum, soket ko wayoyinsu. In yana nan, a wuta yake ko a haɗin giraun. Gwajin minti biyar ne, amma ya raba maka aikin gida biyu. Kuma duk kunnawar gwaji ka yi ta da kwan fitila mai zare, 60W ko 100W, a jere da wayar wuta.

Malamin lantarki, Jos
Ka saurari muryar ƙugin. Wutarmu 50Hz ce. Ƙugi mai kauri, mai laushi, 50Hz ne, kuma galibi maganaɗisun taransifoma ne ke shiga wayar sauti, ko giraun ya yi zobe, wato ya haɗu ta hanya biyu. Wanda ya ɗan fi tsini, mai "zzz" a samansa, 100Hz ne, don birij yana cika kapasito sau biyu a kowane zagaye. Manhajar auna mitar sauti a waya za ta nuna maka in ka kara ta a bakin sifika.

Ga dalilin da ƙarin kapasito bai yi maka komai ba. Rawar wutar da ke saura a kan kapasito ita ce amp ɗin da ake ja, a raba da 100 sau girman kapasiton. IC biyun a zaune ba sa kai 0.1A, a kan 10,000µF rawar ba ta wuce 0.1V, kuma TDA7294 yana danne mafi yawanta. Ba nan ciwon yake ba.

Inda nake zargi shi ne wayar tsakiyar taransifoma. Kapasito ba ya cika a hankali, fizga yake yi a ƙwanƙolin kowane zagaye, kuma fizgar ta ninka abin da amfilifaya ke ci sau da yawa. Wani kaso na wannan fizgar ta wayar tsakiya yake komawa. Waya 0.5mm² mai tsawon santimita 10 tana da kusan ohm 0.003. Fizgar amp ɗaya a kanta 3mV ne. In giraun ɗin sauti ya raɓu da wannan wayar, IC mai resista 22k da ohm 680 zai ninka shi kusan sau 33, ka ga 100mV kenan a sifika. Ƙarin kapasito ma sai dai ya ƙara wa fizgar ƙarfi.

Gyaran: wayar tsakiya ta tafi kai tsaye mahaɗar kapasito biyun, da waya mai kauri, 1.5mm² ko sama. Daga mahaɗar ka fitar da guntun tagulla kamar santimita 2 zuwa 3, kan guntun nan shi ne cibiya. Giraun ɗin allo na hagu, na dama, baƙar wayar kowace sifika, na fanel, kowa da wayarsa zuwa cibiya. Kada wani ya goya wani. Kada kuma a jona komai tsakanin taransifoma da kapasito.

Mai naɗin taransifoma, Kaduna
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni ban wanke taransifoma ba tukuna. Mai ƙarfen E da I yana fesa maganaɗisu, musamman in an rage masa zagayen firamare (naɗin da wutar gida ke shiga) don tsimin waya. Kwance notinsa, ka sa safar roba, ka juya shi a hankali amfilifaya na kunne. In ƙugin yana hawa yana sauka, ka kama shi. Ɗaure shi inda ya fi shiru, nesa da soket ɗin shiga da aƙalla santimita 15. Wayoyin 24-0-24 ukun a murɗe su kamar igiya, haka na +33V da -33V masu fitowa daga kapasito da giraun ɗinsu.

Wani lokacin ma ba sifika ke kukan ba. Cire ta ka kasa kunne a jikin akwatin: in ƙarfen ne ke rawa, a matse shi, a shayar da shi banish, a sa masa roba a ƙafa. Taransifoma mai siffar zobe kuwa, kada notin tsakiyarsa ya taɓa murfin sama. In ya taɓa sama da ƙasa ya zama zagaye guda da aka haɗe, zai yi zafi ya cinye fiyus.

Mai hayar kayan sauti, Maraɗi
Duba soket ɗin shiga, Oga. In na ƙarfe ne aka ɗaure su a jikin akwati babu washar roba, giraun ya taɓa akwati wuri biyu, zobe kenan. Wuri ɗaya tak ake so. Jikin boliyum kuma a ɗame shi da akwati, in ba haka ba da ka kai hannu sai ya ɗauki ƙugi. In ƙugin sai an jona kwamfuta yake zuwa, zare cajarta ka ji. In ya ɗauke, ƙaramin taransifoman sauti 1:1 a kan wayar shiga yana kashe shi.

Mai gyaran rediyo, Zariya
Abin da ba za a yi ba shi ne yanke wayar at (wayar kariya mai zuwa ƙasa) don ƙugi ya tafi. Ana yi, kuma yakan yi shiru, amma ranar da firamare ya taɓa jiki, mai riƙe da makirufo ne zai zama at ɗin. At ya sha noti a jikin akwati, a kankare fenti. Tsakanin cibiya da akwati sai a sa resista ohm 10 mai 5W, kapasito 100nF a gefensa, da birij 35A wanda aka haɗe ƙafafun AC ɗinsa zuwa gefe ɗaya, + da - kuma aka haɗe zuwa ɗaya gefen. A tuna bayan TDA7294 wutar negatif ce, sai da maika da bushin roba kafin ya hau ƙarfen sanyaya. Kafin ka sa ayan dalma, sauke kapasito da resista 1k mai 5W.

Malamin lantarki, Jos
Maganar magariba ta tsaya mini a rai. 7812 yana son aƙalla 14V a mashigarsa. 12-0-12 yana ba da kusan 16V in wuta ta cika 230. In ta sauka 190, ya dawo wajen 13V, regileta ta saki, rawar 100Hz ta wuce kai tsaye cikin 4558. Auna ƙafar farko ta 7812 da rana, ka sake aunawa bayan sallar magariba. Maganinsa naɗi 15-0-15.

Mai tambaya, Kano
Allah ya saka da alheri. DC 12mV da 18mV. Da na haɗe mashiga ƙugin ya ragu, bai tafi ba, ashe ciwo biyu ne. Giraun ɗin allunan duka a kan dalmar wayar tsakiya yake, santimita 12 kafin kapasito. Na mayar da shi cibiya kamar yadda Malam ya tsara, na sa wa soket washar roba, sai ka manna kunne a sifika kafin ka ji wani abu. Ƙafar 7812 kuwa 16.1V da rana, 13.2V da magariba, kuma a lokacin ne kaɗai ƙugin ke dawowa. Na ba da naɗin 15-0-15. Kapasiton fanel ɗin 16V ne, zan canza su zuwa 2,200µF/35V kafin in jona shi, tunda zai kai volt 20.