Shin in bar ɗana ya ci gaba da karanta littattafan ban tsoro?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai. Ɗana mai shekara 9 ya aro wani littafin Turanci na jerin Goosebumps a wurin abokinsa, kuma tun ranar bai ajiye shi ba, alhali a da sai na yi da gaske kafin ya buɗe littafin da ba na makaranta ba. Damuwata ita ce ƙanwarsa mai shekara 6 ta ga hoton da ke bangon, yau kwana uku ke nan ba ta yarda a kashe fitila. In karɓe littafin ne, ko in ƙyale shi?

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina kada ki karɓe. Wani marubuci ɗan Amurka, R. L. Stine, shi ne ya fara wannan jeri a 1992, kuma kashin farko ya kai littattafai 62 zuwa 1997, duk an rubuta su ne domin yara sa'o'in ɗanki. Babukan gajeru ne, kusan kowanne yana tsayawa daidai inda gaban mai karatu ya faɗi, sai babi na gaba ya nuna cewa ƙanin yaron da ke cikin labarin ne ya laɓe a bayan ƙofa, ko wani abu makamancin haka. Wannan dabara ce ke hana yaro ajiye littafin, kuma akwai ban dariya da yawa a ciki.

Matsalar ƙanwarsa ta hoto ce, kuma ba sabon abu ba ne. A Amurka akwai tarin labaran fatalwa na Alvin Schwartz da ya fara fitowa a 1981, wanda zanen Stephen Gammell da ke cikinsa ya fi labaran kansu razana yara, har iyaye suka yi ta neman a cire shi daga ɗakunan karatu na makarantu a shekarun 1990. A 2011 sai da aka sake buga shi da zane mai sauƙi. Ki naɗe bangon da takarda kamar yadda ake yi wa littattafan makaranta, sannan ya riƙa ajiye shi a jakarsa.

Kakar Yara:
'Yata, mu ma da tsoro aka raine mu. Wace tatsuniya ce ta fi daɗi in babu Dodo a cikinta, mai haɗiye mutane da dabbobi har sai an farke cikinsa kowa ya fito? Sai dai mu muna jin ta ne a tsakar gida bayan sallar isha'i, jikinmu na gugar na 'yan'uwanmu, kuma mai ba da labarin tana kallon fuskokinmu, da ta ga ƙarami ya fara maƙalewa sai ta sassauta murya ko ta sako Gizo a yi dariya. Daga ƙarshe ta ce ƙurunƙus, kowa ya san an rufe zancen. Littafi ba ya ganin fuskar yaro, shi ya sa nake ganin kada ya karanta shi a kan gado shi kaɗai. Ya karanta da rana, da yamma ki sa ya ba ki labarin da bakinsa, daga yadda yake faɗa za ki gane ko daɗi yake ji ko abin ya tsaya masa a rai.

Abban Sadiya:
Ban ƙi maganar Malam ba, amma akwai abin da ya tsallake. Da dama daga cikin irin waɗannan littattafai an gina su ne a kan matattu masu dawowa su zauna a tsohon gida, ko 'yar tsana mai rai, kuma yaro ɗan shekara 9 a wajenmu yana jin zancen aljanu da mayu a unguwa a matsayin gaskiya, ba wasa ba. Saboda haka yana iya haɗa biyun a kansa. Ni sai na fara karanta littafi kafin in miƙa wa 'yata, kuma ina gaya mata a fili cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, wannan ƙirƙira ce ta marubuci.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na naɗe bangon, kuma jiya ya ba ni labarin yana ta ƙyalƙyala dariya. Ƙanwar dai har yanzu da fitila take kwana, amma ta fara tambaya ko yaushe za ta iya karanta shi da kanta.