Neman shawara: aikina yana kwana yana jiran sa hannun jagora

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum. Ina cikin tawagar masu rubuta manhaja da ta rabu gida uku, wasu a Indiya, wasu a Jamus, jagoranmu kuma a Kalifoniya. Tun da aka ɗauke ni aka sa doka cewa babu wanda zai haɗa aikinsa da babban reshe a Git, wato ainihin kwafin manhajar a tsarin da muke adana rubutunmu, sai jagoran ya duba da kansa, saboda an taɓa samun ɓarna kafin zuwana. Idan na tura aiki, sai ya bar tambaya guda ya kwanta, ni kuma in amsa yana barci, kafin a gama wani ya taɓa fayil ɗin, rubutunmu ya yi karo. Yanzu an fara cewa ni nake jan ƙafa.

Wani tsohon injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ɗora laifin a kan agogo. Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da Linus Torvalds ya fara a 1991, har yau ta imel ake tura masa gyare-gyare daga nahiyoyi daban-daban, kuma ba a tsaya ba, domin kowane gyara ƙarami ne, da cikakken bayanin dalilinsa. Ka rage girman abin da kake turawa, ka amsa tambayar jagoran tun kafin ya yi ta.

Wata 'yar'uwa:
Malam, rubutu ba ya warware komai. Tsakanin Indiya da Kalifoniya akwai awa 13 da rabi a lokacin sanyi, kuma mu a wurin aikina kullum mu ake sa wa taro da dare don kada manya su takura. Kai kuma mai neman shawara, ka nemi a ba wani a Jamus ikon amincewa da aiki. 

Mai neman shawara:
Na gode, amma aikin sashen biyan kuɗi na manhajar nake yi, ba ya rabuwa gutsi-gutsi, kuma bayani ina rubutawa.

Tsohon injiniya:
Yana rabuwa. Ka tura shi kaɗan-kaɗan a kulle yadda ba zai fara aiki ba, a buɗe daga baya.

Mai neman shawara:
Yallaɓai, jagoran bai yarda da wannan tsari ba, ni kuma sabo ne, ba zan iya ce masa ya sauya doka ba.