Neman kalma: me za mu kira live-in caregiver da Hausa?

Mai Fassara: Salam 'yan uwa, dan Allah a agaza, gobe ƙarfe huɗu zamu naɗi shirin rediyo kan masu naƙasa da suke fita waje aiki, na zo kan Kanada na maƙale. Live-in caregiver, wato wanda yake kwana a gidan mutum yana ɗaga shi daga gado zuwa keke, wanka, sa kaya, girki, amma aiki ne na albashi da kwantiragi. Kanada ma ta taɓa yin shirin biza da wannan sunan tun 1992 har aka daina karɓar sababbi a 2014. Na rubuta mai jinya amma raina bai kwanta ba.

Uwar Biyu: Mai jinya kam a'a, Bahaushe in yaji yana jinya bai san mara lafiyan ake nufi ko mai zaman asibiti dashi ba. Ka ce mai ɗawainiya.

Bazazzagi: Hadimi ko hadima, gajere kuma kowa ya sani.

Malam na Sakkwato: Hadimi Larabci ne. Muna da maɗinki, marubuci, manomi, me zai hana kula ta bamu makulaci, mace makulaciya? Na jima ina kawo wannan kalmar ana share ni.

Bazazzagi: Allah gafarta Malam to naƙasa ɗin da kake faɗa daga ina tazo in ba Larabci ba? Makulaci kuma a rediyo makulli za'a ji wlh.

Malam na Sakkwato: Ku kun saba ara shi yasa yaranmu suke cewa sun tafi Ingila aikin keya, ba kunya. Duk kalmar da kuke taƙama da ita yau wani ne ya fara furta ta aka yi masa dariya.

Ta Damagaram: Mu nan auxiliaire de vie muke ji a Faransanci, amma kullum in za'a yanke kalma sai Kano da Kaduna su yanke mu sai dai mu ji a rediyo, kamar ba Hausar muke sha a nono ba.

Bazazzagi: Hajiya ba wanda ya hana ku kawo taku fa.

Mai Keke: Ku ɗan saurara mani, ni abin ya shafa. Shekara tara ina kan keke tun hatsarin mota, aikin kwamfuta nake kuma ina neman fita. Ƙanena ne yake juya ni sau biyu cikin dare saboda kar gyambo ya fito min a baya, da asuba ya ɗora ni a keke ya ɓalla min maɓallan riga don yatsuna basa kamawa, daga nan ni nake aikina har yamma ba mai taya ni. Ni ba jinya nake ba. Kuma kalmar tana da nauyi, Kanada tana gwajin likita tana lissafa ko zaka yiwa tsarin lafiyarsu tsada, a 2018 ne suka ɗaga iyakar kuɗin zuwa ninki uku na abinda ake kashewa mutum ɗaya. In mai sauraro yaji jinya ko ɗawainiya zai ɗauka kaya ne aka kai musu, alhali ma'aikaci ne zai je ya biya haraji, shi zai ɗauki mai taimakon nan aiki ya biya shi. Hadimi kuma bazan iya kiran wanda yake min wanka haka ba.

Uwar Biyu: Allah ya ƙara lafiya ɗan uwa, na janye ɗawainiya. Ɗan jagora fa?

Mai Keke: Na makafi ne Yaya, kuma bara yake tunawa mutane. Mataimaki nafi so.

Mai Fassara: Mataimaki kaɗai za'a zaci na ofis ne. Zan ce mataimaki mai kwana a gida a karon farko in bayyana aikinsa, daga nan mataimaki kawai. Yayi?

Mai Keke: Yayi min.

Malam na Sakkwato: Kalma biyar a madadin ɗaya. Tunda mai abin ya zaɓa na yi shiru, amma a ajandar ƙamus makulaci na nan ban janye ba.

Ta Damagaram: In mace ce fa, mataimakiya mai kwana a gida? A kunnen mutanenmu wannan zai iya ɗaukar wata ma'ana, ka sake dubawa kafin huɗu.