Kuskure Ɗaya a Alƙaluma Yana Iya Sauya Sakamakon Auna Ƙwazo

A tattaunawar da masana lissafi suka yi da masu injinan gyaran shinkafa a Birnin Kebbi, an daɗe kan DEA, wata hanyar lissafi ta auna ƙwazo, wadda masana Charnes da Cooper da Rhodes suka fitar a 1978. Tana kwatanta abin da kowane inji ya ci, shanshera da dizal da ƙwadago, da shinkafar da ya fitar, sai mafi ƙwazo ya zama ma'aunin sauran.

Nan haɗarin yake. In aka rubuta cewa inji ɗaya ya fitar da buhu 900 maimakon 90, ya zama zakara ke nan, sauran a ɗauke su ragwaye alhali ba laifinsu. Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce a cire wanda ya yi fice, a sake lissafi, sannan a ɗan ɗaga alƙaluman, a ɗan rage, a ga wanda matsayinsa bai girgiza ba.

An kuma ce ya kamata yawan injinan ya ninka adadin abubuwan da ake aunawa aƙalla sau uku, in ba haka ba kusan kowa zai fito gwani. Wata hanyar kuskure kuma ita ce, jiƙaƙƙiyar shanshera ta fi busasshiya nauyi, don haka a auna danshinta kafin a rubuta.