Sabuwar a-kori-kura tana shan gas fiye da kima

Salamu alaikum. A-kori-kura ce mai injin dizal 2.4, ko kilomita 4,000 ba ta cika ba. Lita 13 take sha a kilomita 100 kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, ba kaya, alhali allon gaba 9 yake nunawa. Daga cikon tanki zuwa cikon tanki na auna.

Na sauya iyakilina (matatar iskar da ke shiga inji) saboda ƙurar hunturu, haka filtar mai, na daidaita iskar tayoyi, na canza gidan mai. Ba a 4H (giyar da ke sa duka tayoyi huɗu su ja) take ba. Babu baƙin hayaƙi, amma da buhunan shinkafa har 16 take kaiwa, ga nauyin tashi.

Abin ya ishe ni wallahi. Masana, nozul (abin da ke fesa mai cikin inji) zan sa a duba tun garanti bai ƙare ba?